Takalmin Hagun da Ya Makara

Mahaifina ƙafa ɗaya gare shi, ta dama, amma ban san mutumin da ya kai shi tara takalma a duk Lome ba. In ka shiga kasuwar gwanjo ta Hejiranawe ka miƙe layin takalma har ƙarshe, daidai inda kwata ta karya kwana, za ka ga wata rumfa da takalma suke reto a igiyoyi tun daga rufi har ƙasa, kowanne shi kaɗai, babu ɗan'uwansa a kusa. Nan yake zama. 'Yan kasuwa suna ce masa Fo Agbeko, mu 'ya'yansa kuma Fofo. Ni ce Sename, ta biyu a cikin mu huɗu. Bakinsa na gado, haƙurin kuwa ya tsallake ni ya faɗa kan ƙannena. Keken ɗinkina yana layi na uku daga nasa, inda muke rage wa mutane wandunan Turawa masu ƙaton ciki.

Ina 'yar shekara bakwai igiya ta tsinke a tashar jiragen ruwa inda yake dako, kaya suka sauko masa a ƙafar hagu. Wata huɗu ya yi a asibiti. Da ya fito, ya dogara sandunansa ya zo kasuwar nan neman takalmi, mai takalma ya ce shi ƙafa biyu yake sayarwa, ba ya rabawa.

"To na hagun fa?" in ji Fofo. "In kai gida a sa min a miya?"

Mutumin ya yi dariya, ya nuna masa bayan rumfa. Wani tsibi ne na takalman da ba su da 'yan'uwa, ana jiran mai kwasar shara. Haka buhunan suke zuwa daga ƙetare: a can ana ɗaure kowane biyu da igiyarsu, amma igiya tana tsinkewa, masu cusawa kuma ba ruwansu. Na dama ya faɗa wannan buhu, na hagu ya faɗa wancan, wancan kuwa ƙila wani ɗan kasuwa ne zai fasa shi, ƙila ma sai jirgi na gaba. Gwauraye ake ce musu a layin. Fofo ya zaɓi wani ja, ya biya abin da bai wuce kuɗin kokon safe ba. Yana hanyar fita, a rumfa ta biyar, sai ya hango ɗan'uwan jan nan kwance a wani tsibin. Kafin yamma ya sayar da su biyun ga wani malamin makaranta, ya dawo gida a silifa ɗaya, da kifi a leda, yana waƙa.

Tun daga nan sana'a ta samu. Duk Litinin da Alhamis, ranakun da ake fasa buhu, sai ya rataya jaka a wuya ya bi rumfa-rumfa yana tsintar gwauraye. Na dama ya rataye su a damansa, na hagu a hagunsa. Ba ya rubuta komai, duk suna cikin kansa. Akwai mai samun ɗan'uwansa a mako guda, akwai mai shekara biyu yana reto. Ranar da aka dace kuwa, akwai wani tsohon wilin mota da ya rataye a bakin rumfa, irin wanda ake bugawa a makaranta; sai ya ɗauki guntun rodi ya buga sau ɗaya, duk layin ya amsa: "An ɗaura!" Mata masu sayar da takalman yara har guɗa suke yi.

Amma ba kowace kama ce take kai shi ga buga wilin ba. Wasu a layin, in suka ga biyu iri ɗaya, lamba ɗaya, sai su shafe su da baƙin mai su ɗaure, mai saye sai ya kai gida ya ji ƙafa ɗaya tana Lome ɗaya tana Kwatano. Auren ƙarya Fofo yake kiran wannan. Shi tambayarsa ɗaya ce: mutum ɗaya ne ya taka su? Sai ya zura hannayensa biyu a ciki, ya rufe ido, ya lalubi ramin da babban yatsa ya yi, da inda dunduniya ta kwanta, sannan ya shafa ƙasansu ya ji ko cinsu ɗaya ne. In hannu bai yarda ba, ko ido ya rantse, kowa sai ya koma igiyarsa. Duk wanda ya sayi takalmi a wurinsa kuma sai ya ji maganar nan kafin ya tashi: "Shekara ashirin da bakwai, ban taɓa ɗaura auren ƙarya ba. Je ka tambaya."

Ina yarinya kunyar sana'ar nan nake ji, ba zan ɓoye ba. 'Yar mai bola ake ce min a makaranta, na kuma fasa wa yara biyu baki a kan haka. Sai da na kafa kekena a kasuwar na ga yadda manyan mutane suke zama a bencinsa yana koya musu yadda ake shiga gwanjo a fita da mutunci, har da abin da zai rage masa riba. Na tuna wani ma'aikacin banki da ya zo da agogo mai walƙiya, yana ƙorafin an tsuga masa kuɗi a farkon layi.

"Ai sun yi maka adalci," in ji Fofo. "Ka shigo da agogon nan sannan ka ce a tausaya maka? Ni ma da na hango ka sai da farashina ya miƙe tsaye. Gobe ka sa rigar da kake wanke mota da ita. Kuɗinka ka raba su aljihu biyu, ƙanana a gaba, kada ka zaro dubu goma kana rantsuwa ba ka da ko sisi. In ka iso rumfa ka gaida mai ita, ka tambayi yara, ba ka faɗo da 'nawa ne' kamar ɗan sanda ba. Wanda ranka yake so kuma kada ka fara ɗaukarsa. Ɗauki na kusa da shi, ka taya, ka ajiye, sannan ka ce, wannan tsohon fa?"

"To in ya ƙi ragewa?"

"Ka yi godiya ka tafi a hankali, yadda in ya kira za ka ji. Kada dai ka zagi kaya. Ka ce bai dace da kai ba, kada ka ce ba shi da kyau, da shi mutum yake ciyar da gida. Miƙo wanda ka saya in gani."

Ya lanƙwasa takalmin biyu, ƙasan ya buɗe baki a tsakiya. Ya ce masa irin wannan ya daɗe a ajiye a ƙasar sanyi, zafinmu kawai yake jira ya marmashe. Ya ce a riƙa sa hannu kafin ƙafa saboda ƙusa, a yi zaɓe da safe amma a yi gwaji da rana bayan ƙafa ta kumbura da yawo, kuma kowanne a duba shi shi kaɗai, kamar ba su san juna ba. Mutumin nan har yau yana zuwa, da rigar wankin motarsa.

Bara, a tsakiyar damina, abin ya faru. Tun kafin nan idon Fofo ya fara yana, duk mun sani, amma in ka ce masa asibiti sai ya tambaye ka ko da ido ake lalube. Ranar Alhamis ce, ana ruwa tun safe, rumfuna duk sun yi duhu. Na kai masa shinkafa da wake na fake a wurinsa. Maƙwabcinsa Oga Ifeanyi, mai sayar da takalma buhu-buhu, shi ma ya shigo ya fake. Mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba ya hutu. Sai ga wata mata a jiƙe sharkaf, da kwando a ka da tsinken tsintsiya a hannu. Haka ake yi in mai ƙafar bai zo ba, a gwada tsinke a tafin ƙafarsa a karya a kawo kasuwa.

"Fo, na babana nake so," ta ce. "Baƙi, sau-ciki, na fata. Wanda in an gani za a san takalmi ne."

Akwai wani na dama da ya yi wata takwas a igiya, baƙi wuluk, mai laushin fata, Fofo yana ji da shi, kullum sai ya goge shi. Da safen nan kuma wani na hagu ya zo mai kama da shi sak, har lamba, bai dai samu zama ya gwada su ba. Ya sauko da su, tsinke ya shiga daidai. Ya fara naɗe hannun riga ke nan sai Oga Ifeanyi ya ce:

"Tsoho, baiwar Allah tana sauri, kai kuma za ka fara laluben nan naka kamar mai neman ƙaguwa a rami. Ko dai idon ne ya tafi hutu ba ka faɗa mana ba?"

Na ga maganar ta soke shi. Ya janye hannunsa, ya ɗaga takalman sama wajen haske, ya juya su, ya ce, "Su ne. Daga nan ma ina ganinsu." Ya buga wili, 'yan layi suka amsa daga cikin ruwa. Matar ta biya ko tayawa ba ta yi ba, ta ciro fiya biyu daga kwando ta ajiye masa, ta ce na gonarsu ne a dutsen Agu, kusa da Palime, ta ruga don kada motar Palime ta tashi ta bar ta.

Bayan mako uku, ranar Litinin, ina kan keke aka ce Fofo yana kirana. Na tarar da shi zaune, abincinsa a rufe, da wani baƙin takalmi na hagu a cinya, daga buhun da aka fasa da safe. Ya kamo hannuna ya ɗora a dunduniyar.

"Me kika ji?"

"Ƙusoshi."

"Nawa?"

"Biyar. Fofo, na bar wandon mutane a keke."

"Na daman da na ba matar Agu, ƙusa biyar ne a dunduniyarsa, na tagulla, wani mai gyara ya sake masa ita a can ƙasarsu. Wata takwas ina shafa su. Na hagun da na haɗa mata ba shi da ko ɗaya. Wannan ne ɗan'uwansa." Ya saki hannuna. "Na ɗaura na ƙarya, Sename."

Na duba dama na duba hagu, babu mai jin mu. Ni dai na faɗi abin da ke raina, kuma ban taɓa cewa ni waliyyiya ce ba.

"Ba ni shi in jefa a kwata, ruwa ya tafi da shi teku. Wa ya gani? Tsohon yana can yana taka abinsa yana jin daɗi."

"Yana can yana ɗingishi yana zaton tsufa ne," ya ce. "Kuma gobe in wani ya zo, da wane bakin zan ce masa je ka tambaya?"

Kafin in tare shi ya miƙe a kan sanda, ya ɗauki rodi ya yi ta dukan wilin nan har layin ya taru, ana zaton gobara ce. Ya ɗaga takalmin sama ya faɗi komai, bai rage ba, bai kuma ambaci sunan Oga Ifeanyi ba. Sannan ya ce ba zai sake haɗa wani takalmi da wani ba, ba zai sake taɓa wilin nan ba, sai ranar da na hagun nan ya isa wurin ɗan'uwansa. Ya miƙo min rodin ya ce in kai gida.

Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. 'Yan kasuwa ba su san tausayi ba in sun samu abin dariya. "Fada, yau coci a rufe yake ne?" "An ce yanzu raba aure ka koma?" Masu auren ƙarya da ya daɗe yana tona musu asiri su suka fi kowa murna. Na yi faɗa da mata uku a mako guda, ɗaya har na yaga mata ɗankwali. Shi kuwa ya zauna, gwauraye suna ta taruwa, yana ji a hannunsa wasu 'yan'uwan juna ne, ba ya haɗa su. Masu saye suka fara wucewa. Mahaifiyarmu ta koma yin miya ba kifi, ba ta kuma ce masa uffan ba, abin da ya fi masa ciwo a kan faɗa.

Kullum da safe sai ya hau babur ya je tashar motocin Palime, ya bi direbobi da masu kawo ayaba ɗaya bayan ɗaya: a gaya wa matar Agu da ta sayi baƙin takalmi ranar ruwa cewa mai ƙafa ɗaya yana nemanta. Sunanta ba mu da shi, ƙauyenta ba mu da shi, Agu kuwa ba gida ɗaya ba ne. Sai a mako na shida wani direba ya kawo amsa. Ya ce sunanta Mawusi, ya faɗi ƙauyen, ya ce ta ce a gaishe shi, a bar maganar, ba komai.

"Ka ji ko?" na ce. "Ta yafe. Gobe in dawo da rodi?"

"Ita ta saya, ba ita take sawa ba. Asabar za ni."

"Da wace ƙafar za ka hau dutsen Agu?"

"Da wadda ta rage."

Na rufe kekena na bi shi, ina mita tun daga gida. A bakin kasuwa Oga Ifeanyi ya tare mu da wani kwali mai kyau, ya karɓi takalmin ya goge shi da gefen rigarsa ya sa a ciki. "Ba za ka kai wa mutane takalmi a leda kamar kifi ba," ya ce, bai yarda sun haɗa ido ba.

Mota ta sauke mu a gindin dutse da rana tsaka. Daga nan hanyar ƙafa ce, cikin gonakin kofi da ayaba, ga laka ga santsi. Sau biyu sandarsa tana zamewa ina tare shi, sau biyu yana ce min in kula da kwalin. Na ce masa in ya faɗi ya karya ta daman, a kwalin zan mayar da shi Lome. Ya yi dariya har sai da ya zauna a kan dutse ya huta.

Mawusi ta gane shi tun daga nesa, ta dafe kai. Aka ba mu kujeru a inuwar mangwaro, aka kawo ruwa muka sha, aka yi gaisuwa har ta ƙare, don ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi da ƙishirwa a wuya. Wata tsohuwa 'yar ƙarama tana gefe tana ɓarar gyaɗa, aka ce Mama Kafui ce, mahaifiyar Mawusi. Ni na lura da baƙin zanen da ke jikinsu su biyun, irin na masu makoki. Idon Fofo bai kai nan ba.

Ya buɗe kwalin, ya ba da labari tiryan-tiryan, har da girman kan da ya hana shi sa hannu. Sannan ya ce, "Mawusi, ki yi min iso wurin dattijo, mahaifinki. In ba shi haƙuri da bakina, in karɓi na ƙaryar in ba shi na gaskiyar."

Mawusi ta kalli uwarta, ta kalli ƙasa.

"Fo," ta ce, "ai shi ya sa na ce a bari. Ranar da na zo wurinka, kwanansa tara a ɗakin ajiye gawa. A can na gwada tsinken. Shekara saba'in da tara ya yi a duniya, da takalmin taya yake hawa dutsen nan, bai taɓa sa sau-ciki ba. Shi ya ce in ya mutu a sa masa kwat da takalmi na gaske, kada ya je gaban Ubangiji kamar mai zuwa gona. Da su aka rufe shi."

Ban taɓa ganin fuskar mahaifina haka ba. Ni abin da ya faɗo min shi ne rantsuwar da ya yi a gaban layi, cewa sai na hagu ya isa wurin ɗan'uwansa. Ɗan'uwan yana ƙarƙashin ƙasa, da siminti a kai. Na kuma san halinsa, ba zai nemi wata dabara ya kauce wa maganarsa ba. Rumfa ta rufu ke nan.

"Takalminsa na farko," ya ce a hankali. "Mutum ya jira shekara saba'in da tara, ni kuma na tura shi doguwar tafiya da ƙafar wani." Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

Sai Mama Kafui ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarta. "Miƙo min abin nan in gani."

Na kai mata. Ta juya shi, ta ƙwanƙwasa dunduniyar da farce, ta leƙa ciki, sai kawai ta fashe da dariya, irin ta tsofaffi mai haɗe da tari.

"Wayyo Amenyo, mijina! Na rantse yana can yana mita. Shekara hamsin da ɗaya ina tare da mutumin nan, in ya tauna tsakuwa ɗaya a wake sai ƙauye ya ji har mako. Yanzu duk wanda ya riga mu can ya san ƙafarsa ta hagu tana matsa masa." Ta share ido da bakin zane, ta dubi Fofo sama da ƙasa, ta dubi sandunan da laka ta rufe. "Kai yanzu da ƙafa ɗaya ka hawo dutsen nan? Saboda takalmin mutumin da ba ka taɓa gani ba?"

"Nasa ne, Mama."

"'Ya'yan ƙanensa ƙafa bibbiyu gare su, har yau ba su hawo gaisuwa ba." Ta juya wurin 'yarta. "Mawusi, a akwatina za a sa shi, kan farin leshin da na ware, kada a cire shi daga kwalin. Ranar da za ku shirya ni, ku ajiye min shi ta hannun dama, inda zan same shi da sauri. Ni zan kai masa."

"Haba Dada, wace irin magana ce wannan?"

"Maganar gaskiya. Da kakarki za ta tafi, ba mu ba ta garin taba ta kai wa kakanki ba? Takalmi ne zai gagare ni? Wancan na aron kuma in ya cire, ya nemi Baturen mai shi ya mayar masa, ƙila shi ma yana can yana yawo da ƙafa ɗaya a safa."

Ta sake duban Fofo, dariyar ta bar fuskarta.

"Ɗana, ka kawo shi iyakar inda mai rai yake iya kawowa. Daga nan nawa ne, kuma ba zan sa tsohon jira da yawa ba. Ka koma ka ci gaba da aikinka."

Fofo ya ajiye sandunansa a ƙasa, ya dafa kafaɗata, ya sauka a kan gwiwarsa ɗaya tilo a gaban tsohuwar nan. Ban taɓa ganin ya durƙusa wa kowa ba, don in ya sauka tashi aiki ne. Ni da na yi mita tun daga Lome, ni na fi kowa kuka, ban kuma ji kunya ba. Na so a ce duk kasuwarmu tana tsaye a tsakar gidan nan, in nuna shi da yatsa in ce wannan ubana ne.

Mama Kafui ta dafa kansa, sannan ta rungume kwalin a ƙirji ta miƙe, ta ƙi yarda Mawusi ta karɓa. A bakin ƙofar ɗaki ta waiwayo.

"In na je, wa zan ce ya aiko?"

"Agbeko, Mama. Mai takalma. Ki ce masa ya yi haƙuri."

Ta maimaita sunan sau biyu don kada ta manta, ta shige da kwalin.